Tsuntsaye Matafiya da Cututtukan Yara: Kowa da Lokacinsa

  Daga ƙasar Zermu da Mirriya da sauran garuruwan Damagaram muka ɗauko misalan hirarmu ta yau.

Yau za mu yi magana a kan abu biyu. Na farko, tsuntsaye masu tafiya. Na biyu, cututtukan da ke kama yara da matasa. Wani zai ce, me ya haɗa kifi da kaska? To, lokaci ne ya haɗa su. Tsuntsu matafiyi yana da watan zuwa, yana da watan komawa. Haka ma manyan cututtukan yara a ƙasarmu, kowace da watannin da take tasowa. Wanda ya san lokacin baƙo, baƙo ba ya samunsa babu shiri. Ku gyara zama, ku bi mu a hankali.

SU WANE NE MATAFIYAN?

Tsuntsayen da muke gani iri biyu ne. Akwai ƴan gida, kamar kurciya da hankaka, waɗanda ke tare da mu rani da damina. Akwai kuma baƙi, masu zuwa su koma.

Baƙin nan ma kashi biyu ne. Wasu daga kudu suke zuwa, suna biyo ruwa. Babbarsu ita ce shamuwa, wadda kowa ya sani. Wasu kuwa daga arewa suke zuwa, daga ƙasashen Turai, bayan Hamada da bayan teku. Yawancinsu ƙanana ne, masu daɗin kuka. A can suke yin sheƙa, su yi ƙwai, su ƙyanƙyashe. In sanyin ƙasarsu ya gabato, ƙwari suka ɓace, sai su taso neman abinci wajenmu. Suna fara sauka daga ƙarshen Agusta har zuwa Oktoba. Suna komawa cikin Maris da Afirilu.

Kun san wasu daga cikinsu, ko da ba ku san daga inda suke ba. Akwai tsattsewa mai wutsiya kamar almakashi, wadda ke kama ƙwari a sama. Ita wucewa take yi, ta nufi kudu. Akwai wani ɗan tsuntsu mai ciki ruwan ɗorawa, mai kaɗa wutsiya, wanda ke bin ƙafafun shanu a bakin tabki. Akwai wasu masu ruwan ƙasa da ke shiga cikin rassan gawo da bagaruwa da aduwa suna tsince tsutsa. Mafi ƙanƙanta a cikinsu nauyinsa bai wuce giram 10 ba, wato kamar ƙwayar sukari biyu. Tsattsewa kuwa kamar ƙwaya huɗu.

Masana sun ƙiyasta cewa irin waɗannan ƙananan tsuntsaye kusan miliyan dubu biyu ne ke tasowa daga Turai zuwa Afirka kowace shekara. Faɗin Hamadar da suke ƙetarewa ya kai kilomita 1,500 zuwa 2,000. Yawancinsu da dare suke tafiya. Da rana sai su sauka, su laɓe a inuwar dutse ko ta wani ɗan icce, har rana ta faɗi. Taurari da rana da maganaɗisun ƙasa su ne ke nuna masu hanya.

GUZURIN TAFIYA

Yaya ɗan tsuntsu zai ƙetare Hamada, babu ci babu sha? Amsar ita ce guzuri. Kafin ya tashi yakan yi makonni yana ci, ba ya wasa. Abin da ya ci yana zama kitse a jikinsa. Wasu har sukan kusa ninka nauyinsu. Kitsen nan shi ne man tafiyarsu, kamar yadda mota ke shan mai. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Tsuntsun da ya tashi da rama, a cikin rairayi zai faɗi.

Ga wani labari da zai nuna maku haka. A shekarar 1969 masu lura da tsuntsaye a Ingila suka ga abin mamaki. Wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda ya saba cika shingayen gonakinsu, bai dawo da yawa ba. Fiye da rabinsu sun ɓace. Da aka bincika, sai aka gane cewa farin da ya fara a ƙasashenmu na Sahel a 1968 shi ne sanadi. Ruwa bai sauka ba, ƙwari da ƴaƴan itatuwa sun yi ƙaranci, tsuntsayen ba su sami guzuri ba. Farin nan ne ya ci gaba har 1973, wanda tsofaffinmu ba su manta ba. Abin da ya sami tsuntsu ya sami dabba, ya sami yaro.

Yanzu kuma manoman Mirriya da Magarya da Matamaye suna taimakon waɗannan baƙi. Tun bayan farin 1984 suka riƙa barin tohon gawo a gonaki, suna yi masa sassabe maimakon su tumɓuke shi. An ƙiyasta itatuwan da suka tashi ta wannan hanya a kudancin Nijar sun kai miliyan 200. Gawo kuwa da rani yake ganye, daidai lokacin da baƙin ke nan. A cikinsa suke samun tsutsa da inuwa.

To, darasin da za mu ɗauka ke nan. Tsuntsu ba ya jira sai ranar tashi ya nemi abinci. Yaro ma yana da hamadar da zai ƙetare sau huɗu a shekara. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

SHAMUWA TA ZO: ZAZZAƁIN CIZON SAURO

Cikin Afirilu ko Mayu shamuwa ke sauka, ta yi sheƙa a kan itatuwan gari. Manomi na ganinta ya san ruwa ya kusa, sai ya gyara hauya, ya fito da iri. Uwa ma in ta gan ta, sai ta fito da sange, wato gidan sauro, ta duba shi. In ya yage ta ɗinke. In ya mutu a nemi wani.

Ga dalili. Ruwan sama in ya kwanta a kududdufi da ramukan bulo da sawun shanu, sauro na yin ƙwai a ciki. Cikin kwana goma ƙwan ya zama sauro. Macen sauro ce ke cizo da dare. In ta sha jinin mai zazzaɓi, bayan ƴan kwanaki ta ciji mai lafiya, sai ta zuba masa ƙwayar cutar. Ƙwayar na shiga hanta, daga nan ta fito cikin jini tana fasa shi. Shi ya sa yaron da zazzaɓi ya daɗe a jikinsa tafin hannunsa da cikin idonsa ke yin fari: jininsa ne ya ragu.

Akwai maganin rigakafi da ake raba wa yara da damina. Ma'aikata na kiransa CPS. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, aka fara ba da shi a Nijar a 2013. Magarya na cikin wuraren da aka soma. Ana ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Sau ɗaya ake zagayowa a wata, daga Yuli zuwa Oktoba. A kowane zagaye kwana uku ake shan ƙwayoyin. Ranar farko mai rabawa ne ke ba yaro a gabanku. Rana ta biyu da ta uku aikin uwa ne. A nan ake yawan yin kuskure. Wata sai ta ajiye sauran, ta ce sai ran da ciwo ya zo. Wata ta raba wa yayyen yaron. Wannan kuwa kamar a yi wa rumbu jinka rabi ne. In an sha shi cikakke, yana hana kusan kashi uku cikin huɗu na zazzaɓin da zai kama yaro a lokacin.

In duk da haka jikin yaro ya yi zafi, a kai shi gidan likita a ranar, kada a kwana biyu. Za a ɗiga jinin yatsarsa a kan wani ɗan abin awo, cikin minti 15 zuwa 20 a san ko zazzaɓin sauro ne. In shi ne, za a ba da ƙwayoyi irin su Coartem, safe da yamma, har kwana uku. Sha shida ke nan. Ko yaro ya tashi yana wasa a rana ta biyu, a ƙarasa maganin.

Ga alamun da ba a jira da su ko da tsakar dare ne: yaro ya kasa shan nono ko ruwa, yana aman duk abin da ya sha, yana jijjiga ko taune-taune, ko ya yi laushi ba a iya tashe shi. Wasu kan ce iska ce ta taɓa shi, a tsaya hayaƙi da shafe-shafe. Sau da yawa zazzaɓi ne ya hau kai. Wannan sai allura a asibiti, wani lokaci har da ƙarin jini.

Damina kuma lokacin zawo ce, saboda ruwan sha na gurɓacewa. Abin da ke kashe yaro a zawo shi ne ƙarewar ruwan jiki. A dama garin gishiri da sukari na likita, ƙunshi ɗaya cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. A haɗa da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14. Kada a daina ba shi nono.

BAƘIN AREWA SUN SAUKA: TAMOWA

Cikin Satumba da Oktoba za ku ga ƙananan tsuntsayen nan sun sauka a ramamme. Hamada ta cinye kitsensu, ƙashin ƙirjinsu ya fito kamar wuƙa. A daidai wannan lokaci ne yaranmu da yawa su ma suke fitowa daga tasu wahalar. Rumbu ya ƙare tun tsakiyar damina, sabon hatsi bai gama shigowa ba. Iyaye mata na gona. Zazzaɓi da zawo sun bi ta kan yaro sau biyu ko sau uku. Daga nan sai tamowa.

Tamowa da ciwo abokan juna ne. Ciwo na hana yaro ci, ya rame. Rama kuma na karya ƙarfin jikinsa, wani ciwon ya shigo. Yaran da aka fi ji wa tsoro su ne ƴan wata 6 zuwa shekara 2, da waɗanda aka yaye da gaggawa.

Akwai wani ɗan ma'auni mai launi uku da ake ɗaura wa yaro a tsakiyar damtse, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Ana auna yara daga wata 6 zuwa shekara 5. In ya nuna kore, lafiya lau. In ya nuna ruwan ɗorawa, rama ta fara. In ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, tamowa ta yi tsanani, a tafi gidan likita a ranar.

A da, ma'aikata ne kawai ke riƙe wannan ma'auni. A shekarun 2013 da 2014 aka yi wani gwaji a nan gundumar Mirriya, a yankunan Dogo da Takeita. Ƙungiyar BEFEN ta ƴan ƙasa da ƙungiyar ALIMA ne suka yi shi. A Dogo aka koya wa iyaye mata su auna ƴaƴansu da kansu. A Takeita aka bar aikin a hannun wakilan lafiya na gari. Da aka kwatanta, sai aka ga awon uwaye bai gaza na ma'aikata ba. Yaran da uwayensu suka auna ma sun fi zuwa da wuri, kuma kaɗan daga cikinsu ne aka kwantar a asibiti. Yanzu ƙasashe da yawa sun ɗauki wannan dabara. Matan ƙasarmu ne suka fara nuna wa duniya cewa za ta yiwu.

Akwai wani awo kuma da ba ya bukatar komai sai yatsa. Ki danna bayan ƙafafun yaro duka biyu, ki ƙirga ɗaya, biyu, uku, ki ɗaga. In wurin ya loɓa bai taso ba, kumburin tamowa ne. Kada a ce ƙiba ce.

Maganin tamowa mai tsanani shi ne abincin nan na ƙunshi, Plumpy'Nut, wanda mata ke kira biskit. Gyaɗa ce da madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki. Magani ne, na yaron da aka rubuta wa shi kaɗai. Ba a sayar da shi, ba a raba wa ƴan ɗaki. Yaron da ya ƙi ci, ko yake da wani ciwo tare da ramar, shi ake kwantarwa.

Guzurin da ke hana a kai ga haka yana gidajenmu. Nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a ƙarawa. Daga nan kunu mai kauri, a sa masa garin ƙuli-ƙuli ko na wake, da ɗan mai, da garin zogale. In an sami ƙwai ko nono ko kifi, a ba shi. Cikin yaro ƙarami ne, saboda haka a ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, a kwanonsa shi kaɗai.

LOKACIN ƊARI: TARI DA ƘYANDA DA TSARGIYA

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu baƙin sun zauna. Wasu na cikin gawo, wasu na bakin ruwa, irin tabkin Gidimuni da na Lasuri da ƙananan tabkunan da ba su ƙafe ba tukuna. Hunturu ya taso da ƙura. Yanzu ciwon ƙirji ne ke yawa.

Mura da tari ba abin tsoro ba ne, in yaro na ci yana wasa. Abin dubawa shi ne numfashi. Ku buɗe ƙirjinsa lokacin da yake kwance shiru. Ku duba agogo ko salula, ku ƙirga numfashinsa har minti ɗaya cif. Ɗan wata 2 zuwa wata 11, in ya kai 50, ya yi sauri. Ɗan shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40, ya yi sauri. In kuma ƙasan haƙarƙarinsa na shiga ciki duk lokacin da ya ja iska, ciwon huhu ne. Likita zai ba da amoksisilin, ko ya tura ku babban asibiti. Hayaƙin murhu a cikin ɗaki yana ƙara wannan ciwo, saboda haka a nisanta jariri da shi.

Ƙyanda ma da rani take yawo. Tana farawa da zazzaɓi da jan ido da tari, sa'an nan ƙuraje su fito daga fuska su sauka jiki. Tana iya barin yaro da makanta, ko ta jefa shi cikin tamowa. Ba a ɓoye mai ƙyanda a ɗaki. A kai shi a ba shi bitamin A, a duba idonsa da ƙirjinsa. Allurar rigakafinta sau biyu ce: ta farko yana wata 9, ta biyu bayan ya shige shekara ɗaya.

Yanzu bari mu juya ga manyan yara da samari da ƴan mata, masu kai dabbobi shan ruwa, masu wanka da wanki da kamun kifi a tabki. Su tsargiya ce ke jiransu. Ga yadda take yaɗuwa. Mai tsargiya ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsa ya fita tare da fitsarin. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, ya shiga jikin wata ƴar katantanwa da ke maƙale a ciyawar bakin tabki. Bayan makonni sai ƴan tsutsotsi su fito, ido ba ya ganinsu. Duk wanda ya shiga ruwan, ta fatarsa suke shiga. Su girma a jijiyoyin jini na kusa da mafitsara. Alamarta ita ce jini a ƙarshen fitsari.

A wasu garuruwa akan ce wannan jini alamar balaga ce ga ɗa namiji. Sam ba haka ba ne. Ciwo ne. Yana rage jini, yana sa kasala, yaro ya kasa karatu da aiki. In ya daɗe yana ɓata mafitsara da ƙoda. Ƴan mata ma na kamuwa, sai dai kunya na hana su faɗi, kuma yana iya taɓa mahaifa. Iyaye mata, ku riƙa tambayarsu a keɓe.

Maganinta ƙwaya ce mai suna firazikwantel. Tun 2004 Nijar ta fara raba ta ga yara masu shekarun makaranta. Da sandar awo ake auna tsawon yaro a san ƙwaya nawa zai sha. A tabbata ya ci abinci kafin ya sha, don kada ta sa shi jiri da ciwon ciki. A tura duka yara, ƴan lakwal da ƴan makarantar allo da masu kiwo. Kuma a hana fitsari da bayan gida a bakin ruwa, domin nan ne igiyar cutar ke tsinkewa.

BAƘI NA SHIRIN KOMAWA: SANƘARAU

Cikin Maris zafi ya fara. Za ku ga ƙananan baƙin nan sun dage da ci. Wasu ma sun fara gwada kukansu, suna shirin komawa gida. A wannan lokaci iska ta bushe ƙwarai, ƙura ta yi yawa, cikin hanci da maƙogwaro sun tsattsage. Wannan ne lokacin da sanƙarau ya fi ƙarfi. Yakan fara tun cikin ɗari, ya hau da bazara, ya kwanta in ruwa ya sauka.

Ƙasarmu na cikin wani zirin ƙasashe da ya tashi daga Senegal har Habasha, inda wannan ciwo ya saba ɓarkewa. Ƙwayarsa na zama a maƙogwaron mutane da yawa ba tare da ta yi masu komai ba. Ta tari da atishawa take bi, musamman inda ake kwana da yawa a ɗaki ɗaya a rufe. In ta sami hanya ta shiga jini, sai ta kai ga lulluɓin ƙwaƙwalwa, ya kumbura.

Ba labarin da ba ne. Daga farkon Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023 an ƙirga mutum 559 da suka kamu a jahar Damagaram, 18 suka rasu. Dungas ce ta fi yawan masu ciwon. Kusan dukansu ba su kai shekara 20 ba, kuma ƴan shekara 10 zuwa 14 ne suka fi yawa. Ku lura da wannan. Mukan sa ido a kan jarirai, mu ce babban yaro zai jure. Sanƙarau ba ya duba girma.

Alamunsa su ne zazzaɓi mai zuwa farat ɗaya, da ciwon kai mai tsanani, da amai, da sanƙarewar wuya. Yaro ba ya iya sunkuyar da kai haɓarsa ta taɓa ƙirji. Haske na damun idonsa. Jariri kuwa wuyansa ba lalle ya sanƙare ba. Shi maɗigarsa ce ke kumbura, ya ƙi nono, ya yi ta kuka. Wannan ciwo na iya kisa cikin kwana ɗaya ko biyu. In ba a yi magani ba, yana iya ɗauke rabin waɗanda ya kama. Cikin waɗanda suka tashi kuma, kusan ɗaya cikin biyar na samun kurumta ko wata naƙasa. Maganinsa allura ce mai suna seftiriyakzon. Gwargwadon saurin da aka yi, gwargwadon tsirar yaro. Ko da amalanke ne, a tashi a lokacin.

Ƙwayar sanƙarau iri-iri ce. A 2010 aka fara wata allura mai suna MenAfriVac a Nijar da Mali da Burkina Faso. Ta karya irin da ake kira A, wanda a da shi ne ke kawo manyan annoba. Amma wasu irin sun rage, kamar C wanda ya ɓulla a Dungas. A 2024 aka fara amfani da wata sabuwar allura mai kare iri biyar, a Najeriya da farko, sa'an nan a Nijar. Saboda haka in aka yi shelar rigakafi, kada wani ya ce ai an yi wa ɗansa a wancan karon. A fito da kowa, har samari da ƴan mata.

SHIN TSUNTSAYEN NE KE KAWO CUTA?

Kada wani ya ji wannan hira ya ɗauki danƙo ya nufi gawo. Cututtukan da muka lissafa, babu wadda tsuntsayen nan ke kawowa. Zazzaɓi sauro ne, tsargiya katantanwa ce, sanƙarau da ƙyanda daga mutum zuwa mutum suke bi. Ruwa da sanyi da zafi su ne ke juya tafiyar tsuntsu, su ne kuma ke juya cuta. Tsuntsu mai tuni ne kawai. Yana ma yi mana aiki, domin yana cin tsutsa da ƙwarin gona.

Kashedi ɗaya ne. Akwai murar tsuntsaye, wadda aka tabbatar a agwagin gida a Magarya a watan Fabrairu na 2006. In kuka ga kaji ko tsuntsayen daji na mutuwa da yawa, kada yara su taɓa su, kada a ci. A sanar da ma'aikatan dabbobi.

ZOBE DA KARNE

Yaya aka san hanyar waɗannan tsuntsaye? Tun 1899 wani malamin makaranta a ƙasar Danmak ya fara sa wa tsuntsaye ɗan zoben ƙarfe a ƙafa, mai lamba da adireshi. In aka tsinci tsuntsun a wata ƙasa, aka karanta zoben, sai a san daga inda ya taso da ranar da aka sa masa. In kun taɓa ganin irin wannan zobe, to, ba laya ba ce, ba kuma abin tsoro ba ne. Rubutu ne.

Yaronku ma yana da nasa zoben, shi ne karnen asibiti. A ciki aka rubuta ranar haihuwarsa, da nauyinsa, da alluran da aka yi masa, da ranar komawa. Yau da dare ku ɗauko shi, ku karanta. Ku nemi ranar da aka rubuta, ku duba ta a kalanda. Inda ya gagara, ku kai wa malaminku ku karanta tare. Ku ajiye shi cikin leda, inda ruwa da gara ba su kaiwa. Ku tuna kuma, tun 2006 gwamnati ta yanke cewa a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a gidajen likita na gwamnati. Maigida, kai ma da kai ake. Kada uwa ta zauna jiran izininka yaro na jijjiga. Ka ba ta izini tun yau, na dare da na rana.

ABIN TUNAWA

1. Shamuwa ta zo: a gyara sange, a jira masu rabon CPS, a cika kwana uku.
2. Ƙananan baƙi sun sauka: a auna damtsen yaro, a ƙara masa abinci.
3. Hunturu ya taso: a ƙirga numfashi, a duba allurar ƙyanda, a tambayi manyan yara fitsarinsu.
4. Baƙi na shirin komawa: zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, a tafi nan take.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A AJI

1. Waɗanne tsuntsaye ne ke zuwa garinku su koma? A wane wata? Me kuke kiransu?
2. Kwana nawa ake shan maganin CPS a kowane zagaye?
3. Me launin ja ke nufi a ma'aunin damtse?
4. Ta yaya tsargiya ke shiga jikin mutum?
5. In ciwo ya tashi da dare a garinku, da me za a kai yaro gidan likita? Wa za a tasa?

Ku rubuta amsoshinku a littafinku, ku karanta wa juna. Tambaya ta biyar kuwa, ku kai ta gaban mai gari, ku yanke shawara tun kowa na lafiya.

A nan za mu dakata. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba marasa lafiya sauƙi. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.